Yaro yana rera ABCD amma bai iya karatu ba: me uwa za ta yi masa a gida?

Wata uwa daga unguwar Jahun a cikin garin Bauchi ta aiko da tambaya. Ɗanta shekararsa bakwai, yana aji biyu a wata makarantar kuɗi. Yana rera ABCD daga farko har ƙarshe, yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci, in ya kwafo rubutu daga allo gwanin sha'awa, kuma zangon da ya wuce shi ya zo na biyar a aji. Rannan suna cikin keke ta nuna masa kalmar "shago" a jikin bango ta ce ya karanta, sai ya yi zuru. Ita ta iya karatun Hausa sosai, Turancinta ne bai yi nisa ba. Maigidan ya ce a nemo malamin lesin. Tana son ta san abin da za ta iya yi da kanta.

'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Abin da yaronki yake yi hadda ce, bai kai ga karatu ba tukuna. Kunnensa ya kama waƙa, hannunsa ya iya zana abin da idonsa ya gani, amma ba a zaunar da shi an nuna masa cewa kowane harafi sauti ne, kuma sautukan ake haɗawa su ba da kalma. Na biyar ɗin nan kada ya ruɗe ki. A ƙananan azuzuwa sau da yawa malami ne ke karanta tambayar jarrabawa da bakinsa, yara su zagaye amsar da aka sha maimaita musu, don haka yaro mai kaifin hadda zai iya cinye jarrabawar bai karanta ko layi ɗaya ba. Karatun Hausar da kika iya kuwa ya ishe ki gyara wannan.

Ki fara da gano inda ya tsaya. Ki samu takarda ki rubuta ƙananan haruffa goma a hargitse, kamar m, t, a, k, u, s, d, i, n, b, ki riƙa nunawa yana faɗa. Sai gaɓoɓi biyar: ma, ku, si, to, ne. Sai kalmomi biyar da ba daga littafinsa suka fito ba: nama, tuta, kunu, gida, rake. In ya wuce waɗannan, ki ƙirƙiro kalmar da babu ita a Hausa, kamar "lafu" ko "zomi", don wanda ya iya haɗa sauti ne kaɗai zai karanta ta, mai hadda ba shi da inda zai kama. In kuma ya ce ai ya iya karanta littafinsa na makaranta, ki buɗe tsakiya, ki rufe hoton da tafin hannunki, ki nuna kalmar ƙarshen layi. Inda ya fara kakarewa, nan ne mafarin aikinku. Kada ki nuna masa jarrabawa ce, kada kuma ki yi shi gaban yayyensa.

Dalilin da ya sa waƙar ABCD ba ta kai yaro ga karatu shi ne sunayen haruffa take koya masa da Turanci, kuma sunan harafi daban, sautinsa daban. Ki duba kalmar "baba". Yaron da waƙar kaɗai ya sani zai ce "bi, e, bi, e", ya haɗa ya rasa abin da ya samu. Harafin e a waƙar sunansa "i", shi kuma i sunansa "ai", shi ya sa za ki ga yaro ya kai aji biyar yana rubuta "ena" maimakon "ina". Harafin c a waƙar "si" ne, alhali a Hausa shi ne farkon "ci" da "ciki". Malaman allo sun daɗe da gane wannan: ba a sa almajiri karatun zube sai ya yi babbaƙu ya san baƙaƙe, ya yi farfaru ya san yadda wasali ke juya baƙi ya koma ba, bi, bu. Matakan nan biyu su ne aka tsallake wa yaronki a boko.

Na san za a ce miki me ya haɗa ɗan makarantar Turanci da karatun Hausa, kada a dagula masa kai. Ban yarda da wannan ba. Hausa kusan yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, wasulanta biyar ne, a, e, i, o, u, kuma in yaro ya haɗa "na" da "ma" ya ji "nama" ya fito daga bakinsa, nan take ya san abin da ya karanta, don ya ci shi jiya. A Turanci wahala biyu yake sha lokaci guda, ga haɗa sauti ga rashin sanin ma'ana, in ya yi kuskure ma ba zai ji cewa ya yi ba. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyonta a rayuwa, in ta zauna a Hausa da ita zai shiga Turanci. An gwada wannan a ƙasar nan tun tuni. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. In a gida Fulatanci ko Zaar ko Jaranci kuke yi, amma yaro yana jin Hausa sosai a unguwa, wannan hanyar za ta yi masa.

Kayan aiki ba sai kin je kasuwar Wunti sayayya ba. Ki yayyanka kwalin taliya ko na sabulu kamar faɗin tafin hannun yaro, ki rubuta harafi ɗaya a kowane yanki da alƙalamin maka, ƙaramin harafi, babba-babba yadda zai gani daga nesa. Kowane wasali ki yi masa kati uku ko huɗu don ana yawan bukatarsa. Sai faranti da ɗan yashi ko gawayi da daɓen tsakar gida, da littafin rubutu guda da fensir da ba na makaranta ba.

Kada ki bi jerin ABCD. Ki fara da haruffa huɗu: a, n, m, k, harafi ɗaya a kwana biyu. Da su kaɗai zai karanta mama, kaka, nama, kama, nan, kan, mana, har ma da jimla: "Mama na nan. Kaka na nan." Yaron da ya karanta jimla da kansa a mako na biyu ba sai an yi ta jan sa zuwa darasi ba. Daga nan ki ƙara i, u, s, t, sai ga masa, kunu, suna, tuta, kifi ma na nan tafe in f ta shigo. Sai o da e, sai r, g, y, w, l, f, z, h, j, c. Haruffa uku a mako sun isa. In ya manta na jiya, yau ba a ƙara sabo.

Zama ɗaya minti 15 ne, in ya yi yawa 20, kwana biyar ko shida a mako. Yaron da ya je boko da safe ya je islamiyya da la'asar ya gaji, don haka tsakanin magariba da isha ya fi dacewa, bayan ya ci abinci, talabijin a kashe, wayarki a ɗaki. Minti uku na farko bita: ki riƙa ɗago katunan da ya sani a hargitse da sauri. Minti biyar sabon harafi. A ce yau s ce. Ki ɗaga katin ki ce "sss", ki ja shi kamar kukan maciji, ya maimaita. Ki tambaye shi me da me a gidan nan ke farawa da wannan sauti, ya kawo sabulu, suga, soso. Ya zana shi a yashi da yatsa sau biyar yana faɗin sautin. Sai ki ajiye katin s a hagu, katin a a dama da ɗan rata, ki riƙa turo su suna matsowa kina cewa "sss... a... sa". Ki cire a ki sa u, ki yi shiru, ki bar shi ya ce "su" da kansa. Minti biyar karatun kalmomi da jimla biyu da kika rubuta tun da rana. Ragowar lokacin shifta: ki faɗi kalma uku, ya rubuta ba tare da ya ga komai ba. Shiftar nan kada ki yarda ta faɗi, don ita ce ke raba mai kwafa da mai rubutu.

Akwai wuraren da aka fi tuntuɓe. Na farko, yaro mai son waƙa zai mayar da "ba, be, bi, bo, bu" wata sabuwar waƙar. Da kin ji ya fara rerawa ki hargitsa jerin, ki nuna bu, sai ba, sai bo. Na biyu, baƙaƙe irin su k da t da b ba sa jawuwa kamar m da s, in kika ce "ka" a matsayin sautin k, zai karanta "ku" ya ce "ka-u". Ki faɗe shi gajere a guntse, ki yi maza ki haɗa shi da wasali. Na uku, b da d. Kusan kowane yaro yana juya su a wannan shekarun, balle wanda da safe yake rubutu daga hagu, da yamma a islamiyya daga dama. Kada ki koya su a mako ɗaya, ki sa aƙalla mako biyu a tsakani. Wajen rubutawa b da sanda ake farawa sannan ciki, d kuwa da ciki ake farawa sannan sanda, hannu in ya saba da hanyoyin biyu ido zai bi. Ki kuma sa ɗan ɗigo a gefen hagu na kowane layi, ki ce daga nan ake tashi.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da 'y, ki bar su sai ya riƙe b, d, k, y da kyau. Nan ki yi amfani da kalmomin da lanƙwasar ke sauya musu ma'ana: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, daka da ɗaka. Ki rubuta masa "Na ga baki", ki tambaye shi bakin wa, ya yi dariya, ya sa lanƙwasar da kansa. Salon karya harshen nan na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto yana gyara kunne a kan k da ƙ. Bayan su sai masu haruffa biyu sauti ɗaya, sh, ts, kw, gw, ky, gy, ƙw, ƙy, kowanne a kati guda don kada ya raba su. A nan ne "shago" za ta karantu. Sai ai da au kamar a kai, rai, sau, kyau. Na ƙarshe gaɓa mai rufewa da baƙi da kuma baƙi mai ninki: baba da babba, mana da manna, hannu, tsuntsu, kwalba. Ki sa ya tafa hannu a kowace gaɓa, bab-ba tafi biyu, ya ji inda b ta farko ta tsaya. Abu guda rubutun Hausa ba ya nunawa, wato jan wasali da karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. In ya karanta ba daidai ba, ki ce ya ƙarasa jimlar ya dawo, ma'ana za ta gyara masa.

Yaro mai lafiya da ake zama da shi haka kullum, yawanci cikin zango ɗaya zuwa biyu yake fara karanta gajerun jimloli. Daga nan abin karantawa yake bukata. Littattafan Mu Karanta da aka raba wa azuzuwan ɗaya zuwa uku na makarantun gwamnati a Bauchi da Sakkwato an tsara su a kan wannan hanyar, in akwai a gidan maƙwabta ki aro. In babu, ki rubuta masa labari na layi biyar a kan akuyar gidanku ko zuwan kawunsa daga Azare, da sunansa a ciki. Ma'aunin wahala shi ne in yana kuskuren fiye da kalma ɗaya a cikin goma, rubutun ya fi ƙarfinsa, a sauko. Labari ɗaya ya karanta shi sau uku a kwana uku, na farko da ƙyar, na uku kamar magana. Sau ɗaya a wata ki duba agogo ki ƙirga kalmomin da ya karanta daidai a minti ɗaya, ki rubuta adadin a bayan littafin. Da na watan jiya za ki gwada shi, ba da ɗan maƙwabta ba.

In ya kakare a kalma, ki ƙirga biyar a zuci kafin ki buɗe baki. Iyaye da yawa nan suke ɓata aikin, suna faɗa wa yaro kalmar tun bai gama kallonta ba, sai ya koyi kallon fuskar uwa maimakon takarda. Bayan biyar ɗin ki sa yatsa a gaɓar farko ki ce "wannan fa?" In har ya kasa ki faɗa, ya maimaita, ya sake jimlar daga farko.

Tatsuniya ma darasi ce. Wanda aka saba yi wa "ga ta nan ga ta nanku" yana da kalmomi da yawa, ya san labari yana da farko da ƙarshe. Ki riƙa tsayawa a tsakiya ki tambaye shi me yake gani Gizo zai yi yanzu, don me Ƙoƙi ta yi fushi, in an yi ƙurunƙus ya maimaita wa ƙanwarsa.

Turanci kada a dakatar da shi, ya ci gaba da ji da faɗa a makaranta. In karatun Hausa ya zauna, yawancin baƙaƙen da sautinsu za su wuce Turanci yadda suke. Abin da zai zama sabo shi ne wasula, don a Turanci harafi ɗaya yana da sauti fiye da ɗaya, sai c, sai p, q, v, x da babu su a jerin haruffan Hausa. Bambanta p da f ne zai fi ba shi wahala: ya riƙe 'yar takarda gaban bakinsa, p leɓɓa ke haɗuwa su fashe takardar ta motsa, f kuwa haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Wannan ɓangaren babansa ko yayarsa za su iya karɓa.

Lissafi ma ciwon ɗaya ne. Ƙirga ɗaya zuwa ɗari da baki waƙa ce. Ki zuba masa murafan kwalba ki ce ya ba ki goma sha uku, ki gani ko yana taɓa ɗaya yana faɗin lamba ɗaya. Ku riƙa ƙirga da Hausa tare da Turancin, don "goma sha uku" tana faɗa masa abin da 13 ke nufi, goma ɗaya da uku, yayin da a Turanci sunan 13 da na 30 kusan ɗaya suke a kunnen yaro. Ki karya tsinken tsintsiya, ku ɗaure goma-goma da kyauro, kowane dami goma ne. Kurakurai uku za ki gani. Zai tara 27 da 15 ya rubuta 312, saboda ya tara 2 da 1 ya rubuta, ya tara 7 da 5 ya rubuta 12 a gefe. Zai ɗebe 17 daga 32 ya samu 25, saboda a kowane layi ƙaramar lamba yake cirewa daga babba. Zai rubuta ɗari da biyar 1005. Duka ukun rashin sanin gurbin lamba ne, kuma damin tsinke ke maganinsu. A 32 ya ajiye dami uku da tsinke biyu. Ki ce ya ba ki bakwai. Ba su kai ba, dole ya kwance dami ɗaya, tsinke ya zama goma sha biyu, ya ba ki bakwai saura biyar, ya ba ki dami ɗaya saura ɗaya, ga 15 a gabansa. "Aro" da malami ke faɗa a aji ke nan, ya gan shi da idonsa. Ya haddace lambobin da ke haɗuwa su ba da goma, 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. In kin aike shi da naira 100 ya sayo abin 70, ya faɗa miki canjin kafin ya fita. Jadawalin sau kuma ya jira sai ya gane rukuni: kiret ɗin ƙwai layi biyar ne, kowane layi shida, ya ƙirga ya ga 30.

Bulala ba ta da wuri a wannan zaman. Yaron da ke tsoron duka canka yake yi da sauri don a rabu da shi, ko ya yi gum, kuma canka ita ce ɗabi'ar da kike son cirewa. Kalmar "daƙiƙi" ma a hana yayyensa faɗa. In ranki ya fara ɓaci ki rufe littafin, gobe ma rana ce. Aikin gida na makaranta kuwa kada wani ya yi masa. In ya fi ƙarfinsa ki karanta masa tambayar, ya yi iya abin da zai iya, ki rubuta wa malami a ƙasa cewa nan ya tsaya. Ki kuma je makarantar da kanki, cikin girmamawa, ki roƙi malamin ya sa shi karatu a gabanki, ki nemi a zaunar da shi gaba.

In kun yi wata uku ba fashi amma haruffa goma sun ƙi zama, ki duba jikinsa. Ki rufe masa ido ɗaya da hannu ki nuna kati daga nesa, sannan ɗayan. Ki lura ko yana ƙanƙance ido, ko yana manna fuska a littafi. Ki kira shi a hankali ta bayansa ki gani ko zai waiwayo, musamman in kunnensa ya taɓa zubar da ruwa. Ɗan shekara bakwai yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, da abin kari kafin ya fita. Yawan zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da ƙarancin jini duk suna sa yaro kasala a aji. Ku fara da asibitin unguwa, in abin ido ko kunne ne a tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU). Akwai kuma yaran da idonsu da kunnensu da basirarsu lafiya lau, haɗa harafi da sauti ne kawai ke yi musu nauyi, abin da likitoci ke kira disleksiya. Ba aljanu ba ne, ba lalaci ba ne. Hanyar nan dai ita ake bi da su, sai dai harafi ɗaya a mako da maimaici mai yawa.

Maganar malamin lesin, ki ce wa maigida a ba ki zango ɗaya tukuna. In an ga dole sai an ɗauko, kafin a yi ciniki ki tambaye shi yadda zai koya wa yaron da bai iya karatu ba. In ya ce zai riƙa taya shi aikin gida yana ba shi rubutu ya kwafa, abin da ake yi a makaranta ne za ku biya sau biyu. In ya yi maganar sautin haruffa da haɗa gaɓa, ku ɗauke shi, ki zauna kusa a zaman farko da na biyu ki ji wa ya fi magana tsakaninsa da yaron. Bayan mako shida ki sake fito da takardar gwajin nan ta farko, ki sauya kalmomin, ki ƙara ƙirƙirarru guda biyu, ki ba yaron ya karanta miki ba malamin a wurin.